Tara lambobin jarumta na sojojin ƙasa na Birtaniya: daga ina ake farawa, kuma yaya ake gane jabu?

Tambaya: Malam, ina son tarihin yaƙe-yaƙe, kuma ina so in fara tara lambobin jarumta da aka ba sojojin ƙasa na Birtaniya. An yi mini tayin wata Military Cross a intanet. Mai ita ya ce ta wani kyaftin ce da ya yi yaƙi a Faransa a 1916, sai dai babu suna a jikinta. In saya? Da wacce ya kamata in fara? Sannan a gidanmu akwai lambobi huɗu na kakanmu da ya je yaƙin Bama, wani dillali yana ta nema a sayar masa.

Amsa: Ɗan'uwa, ga gajerun amsoshi biyu tukuna, bayani ya biyo baya. Military Cross ɗin nan kada ka biya kuɗin labarin da aka haɗa mata. Na kakanku kuwa ku riƙe abinku, ko nawa dillalin ya taya. Dalilin duka biyun ɗaya ne: a wannan harka suna ake saye. Azurfar da ke jikin lamba ɗaya ba ta taka kara ta karya ba. Abin da ke ba ta daraja shi ne a iya cewa ta wane ce, ɗan bataliya kaza, ga abin da ya yi ranar kaza, ga kuma takardar da ta tabbatar.

Inda sabon shiga ya fi rikicewa shi ne bambanci tsakanin lambar halartar yaƙi da lambar jarumta. Ta halarta kowa ya samu, muddin yana wurin a lokacin da aka ƙayyade: kuku, da direba, da wanda ya kwana a rami yana harbi. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya an raba British War Medal sama da miliyan 6, shi ya sa har yau ake samunta da araha. Ta jarumta kuwa sai an ga mutum ya yi wani abu takamaimai, hafsansa ya rubuta, takardar ta bi matakai zuwa sama, sannan a buga sunansa a London Gazette, jaridar gwamnati da ke fitowa tun 1665. Duk lambar jarumtar da aka ce ta sojan Birtaniya ce amma ka nemi sunansa a wannan jarida ka rasa, to akwai lauje cikin naɗi.

Victoria Cross, wato VC, ce a ƙoli. Sarauniya Victoria ta kafa ta a Janairun 1856, ana ƙarshen yaƙin Kirimiya, kuma ita da hannunta ta maƙala wa mutum 62 na farko a Hyde Park a Yunin 1857. Tagulla ce zalla, kuma kamfani ɗaya ne, Hancocks na Landan, yake ƙera ta tun daga farko. Zuwa yau 1,358 aka bayar, 628 daga ciki a Yaƙin Duniya na Ɗaya, 182 a na Biyu, kuma sojan ƙasa ne suka kwashi mafi yawa. A Rorke's Drift, a yaƙin Zulu na Janairun 1879, an ba mutum 11 saboda faɗan yamma da dare ɗaya, bakwai daga cikinsu 'yan runduna ta 24 ne. Lancashire Fusiliers sun sami shida a safiyar 25 ga Afrilun 1915, lokacin da suka sauka gaɓar Gallipoli Turkawa na yi musu ruwan harsashi. Ka karanta waɗannan labarai, amma ka cire ranka daga mallakar VC. Da yawansu suna gidajen tarihi na rundunoni, fiye da 200 kuma suna hannun mutum ɗaya, Lord Ashcroft, wanda ya sayi ta farko a 1986. In ɗaya ta fito gwanjo, daga fam dubu ɗari da ɗoriya ake farawa. Ta Kyaftin Noel Chavasse, likitan da ke tare da bataliyar Liverpool Scottish, ɗaya daga cikin mutum uku kacal da suka same ta sau biyu, an ba da rahoton an saye ta wajen fam miliyan ɗaya da rabi a 2009. Duk wanda ya nuna maka VC a waya ya ce zai yi maka ragi, kwaikwayo yake nuna maka.

Filin masu tarawa irinmu yana ƙasa da nan, kuma sai ka fahimci wani abu game da sojan Birtaniya na wancan zamani kafin ka gane shi. Lambobin a rabe suke gida biyu, na hafsoshi daban, na masu igiya da kurata daban. Distinguished Conduct Medal, wato DCM, an kafa ta a Disambar 1854 don saje da kofur da farabiti. Military Medal, wato MM, ta zo a Maris ɗin 1916 don su ɗin dai, mataki ɗaya ƙasa da DCM. Hafsoshi kuwa suna da Distinguished Service Order, wato DSO, tun 1886, sai Military Cross, wato MC, da aka ƙirƙiro a Disambar 1914 don kyaftin zuwa ƙasa, har da samanja. Laftana da kofur ɗinsa za su fita daga rami ɗaya, su afka wa bindiga mai jigida ɗaya, in sun rayu a ba wannan MC a ba wancan MM. Haka aka yi ta tafiya har 1993, zamanin Firaminista John Major, aka soke DCM da MM, aka buɗe MC ga kowa, aka kawo Conspicuous Gallantry Cross. Ni dai ina ganin gyaran ya yi daidai, kuma ya daɗe bai zo ba.

Wannan rabon shi ne tushen amsar tambayarka. DCM da MM daga gwamnati ake buga musu suna a kewayen baki: lambar aikin sojan, da muƙaminsa, da sunansa, da bataliyarsa da rundunarsa. MC da DSO kuwa haka ake miƙa su babu suna. Na Yaƙin Duniya na Ɗaya ko shekara babu. Daga ƙarshen shekarun 1930 ne aka fara zana shekara kawai a bayan MC, a ƙasan gicciyen. An bayar da MC sama da 37,000 a yaƙin farko. Saboda haka wadda aka yi maka tayi, ko da ta gaske ce, ta ɗaya ce daga cikin waɗannan dubbai, kuma babu wanda zai iya rantsewa ta wane ce. Rashin sunan ba alamar jabu ba ne, haka take fitowa. Amma labarin kyaftin da Faransa da 1916 a bakin mai sayarwa kawai yake. Wasu iyalai sun kai wa maƙeran azurfa an zana musu suna a baya, to wannan ma kowa zai iya yi jiya. MC tana tsayawa da ƙafarta ne in ta zo tare da lambobin halarta masu sunan hafsan, da wasiƙu, da hotuna, da tarihin hannayen da ta bi. Ko a haka ma akwai masu sayen lambobin halarta na hafsan da aka san ya sami MC, su nemo wata MC marar suna su jera. Dillalin kirki yakan faɗa maka in haɗi ne. In ka nace sai ka mallaki MC don ka riƙa ganin siffarta, ka biya farashin marar suna, ba ƙari ko na kobo.

Shawarata ka fara da MM ta Yaƙin Duniya na Ɗaya. An bayar da sama da 115,000, don haka ba ta wahalar samu, kuma guda ɗaya ta farabitin runduna da ba ta yi fice ba takan tsaya a 'yan ɗaruruwan fam. DCM ta fi ta tsada nesa, domin wajen 25,000 aka bayar a wancan yaƙi. Na Yaƙin Duniya na Biyu sun fi ƙaranci: MM wajen 15,000, DCM ba ta kai 2,000 ba, farashinsu kuma ya ninka.

MM tana da wata matsala da ni nake ɗauka a matsayin alherinta ga mai koyo. DCM ta yaƙin farko akan buga ta da bayanin abin da sojan ya yi, layi huɗu ko biyar a London Gazette. MM kuwa suna kawai ake bugawa, cikin jeri mai tsawo. Takardun da hafsoshi suka rubuta dalili a kai mafi yawansu sun ƙone a Satumbar 1940, da bam ɗin Jamus ya faɗa kan ma'ajiyar takardun soja a titin Arnside a Landan. Wutar ta cinye kusan kashi biyu bisa uku na fayilolin sojojin yaƙin farko. Ragowar, masu baƙin gefe da tabon ruwa, su ne ake kira WO 363 a ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke Kew. Saboda haka in ka sayi MM, aikin tono labarin naka ne, kuma a nan ake zama gwani.

Ga yadda ake bi. Ka ɗauki lambar aikin da ke bakin lambar ka nema a London Gazette, wadda ke intanet kyauta. Ranar da aka buga sunan takan zo wata biyu zuwa uku bayan faɗan, wani lokaci fiye. Sai ka nemi katin lambobinsa a jerin WO 372, wanda zai nuna maka sauran lambobin da ya cancanta, wani lokaci har ranar da ya fara sauka filin daga. Daga nan ka je wa kundin yau da kullum na bataliyarsa, jerin WO 95. Wani hafsa ne yake rubuta shi kowace rana, sau da yawa da fensir: an bar ƙauye kaza ƙarfe kaza, an kai hari da asuba, an kashe mutum kaza, an raunata kaza. Ba kasafai ake ambaton farabiti da suna ba, amma ka koma baya wata biyu ko uku daga ranar jaridar, sai ka ga inda bataliyar ta sha wuta. Wani lokaci a ƙarshen watan ka ci karo da layi ɗaya da ke cewa an ba waɗannan mutane MM, ga sunan mutuminka a ciki. Jaridun garinsu sukan cike sauran, har da hoto. In bai dawo gida ba, hukumar kaburburan yaƙi ta ƙasashen Commonwealth tana da sunansa da inda yake kwance, ko bangon da aka rubuta shi in ba a sami gawar ba. Na Yaƙin Duniya na Biyu sun fi sauƙi, domin takardun shawarar bayar da lambar suna nan a WO 373, da bayanin abin da mutum ya yi dalla-dalla.

Ka yi wannan binciken kafin ka biya, ba bayan ka biya ba. Rabin damfarar da ake yi a harkar nan tana mutuwa a matakin farko: lambar aiki ba ta dace da sunan ba, ko bataliyar ba ta taɓa zuwa inda aka ce ba.

Akwai wani abu da nake so ka riƙe a zuciya yayin da kake jera lambobi bisa daraja. Kafin 1979, a fagen daga VC da ambaton suna a rahoton kwamanda kaɗai ake iya ba wanda ya mutu a cikin aikin da ya yi. Sojan da ya yi abin da ya cancanci DCM, harsashi ya same shi a nan take, sau da yawa abin da iyalinsa ke samu shi ne ɗan ganyen tagulla da ake ɗinkawa a kan kintinkiri. Wasu ko wannan ba su samu ba, domin hafsan da zai rubuta shi ma ya mutu. Ranar 1 ga Yulin 1916, ranar farko ta yaƙin Somme, sojan Birtaniya 19,240 aka kashe. Wa ya tsaya rubuta jarumtar kowa a irin wannan rana? Lamba shaida ce cewa an ga mutum kuma an rubuta. Waɗanda ba a gani ba sun fi yawa.

Yanzu maganar jabu. Iri uku ne, kuma ba ɗaya suke da haɗari ba.

Na farko zubi ne: a ɗauki ta gaske a yi mata mazubi a narka ƙarfe a zuba. Ta gaske bugawa ake yi da hatimin ƙarfe mai nauyi, don haka haruffanta da gashin kan sarkin suna fita tsaf, filin kuma sumul. Ta zubi in ka sa gilashin ƙara girma za ka ga ƙananan ramuka, haruffan sun yi laushi, wani lokaci da siririn layi a baki inda mazubin ya haɗu. Wannan da ka riƙe na gaske goma a hannunka ba za ta sake ruɗarka ba.

Na biyu ya fi wuya, shi ne sauya suna. A sami lamba ta gaske, a goge sunan da magagari, a buga wani mai tsada. A nan sai da awo. Faɗin DCM da MM milimita 36 ne. Ka auna daga hagu zuwa dama, ka auna ta karkace, ka kwatanta. In an goge, bakin yakan yi siriri daga wajen ƙarfe uku zuwa ƙarfe tara na agogo, inda sunan yake zama, ya bar kusa da maratayi da kaurinsa. Ka juya lambar a hankali a gaban taga, haske na faɗowa ta gefe. Bakin da ba a taɓa ba a miƙe yake, gefunansa biyu da kaifi. Wanda aka goge yakan ɗan yi doro, kuma tsakanin sababbin haruffa kakan hango inuwar tsofaffi, ƙafar wani harafi ko rabin wata lamba da magagarin bai kai gare su ba. Ka dubi haruffan kansu: na yaƙin farko da inji aka buga su, zurfinsu ɗaya, tazararsu ɗaya. In ka ga alamar an bi su da hannu ana sassaƙawa, ka tsaya. Ba kowane sauyin suna ne na ɓarayi ba. Akwai tsohon sojan da ya ɓatar da tasa ya sayi wata ya sa sunansa don ya fita fareti, akwai kuma gyaran harafi ɗaya ko biyu da hukuma ta yi da kanta. Amma dole a faɗa maka, farashin kuma ya sauka.

Kada ka manta da fuskar sarkin. Sojan da aka buga sunansa a 1917 lambarsa George V za ta ɗauka, sanye da kayan soja. Na 1944 George VI. In fuska da shekara sun saɓa, sai an kawo dalili, kamar a ce madadin wadda ta ɓata ce hukuma ta sake bayarwa, kuma irin waɗannan sau da yawa akwai alama a bakinsu.

Na uku shi ne labarin jabu a kan lamba ta gaske, irin wanda kake fuskanta. Maganinsa takarda.

Sai batun jeri. Soja ba lamba ɗaya yake da ita ba. Mai MM na yaƙin farko yana da British War Medal da Victory Medal, in ya je da wuri har da tauraron 1914 ko na 1914 zuwa 1915, duka da sunansa. In ya mutu akwai faifan tagulla mai faɗin kusan santimita 12 da aka aika wa iyalinsa. Cikakken jeri ya fi guda ɗaya daraja nesa, ba a kuɗi kawai ba. Dubi na William Coltman na North Staffordshire Regiment: VC, DCM sau biyu, MM sau biyu. Mai ɗaukar waɗanda aka raunata ne, saboda aƙidarsa ta addini bai yarda ya kashe kowa ba, kuma shi ake ƙirgawa ya fi kowane mai igiya na Birtaniya lambobin jarumta a wancan yaƙi. In ka raba wannan jeri gida biyar ka ɓatar da mutumin. Abin da ya fi ɓata mini rai a harkar nan shi ne dillalin da ke tsinka jeri ya sayar ɗaya-ɗaya don ribar 'yan fam, ko magada su raba wa juna, wannan ya ɗauki tauraro wancan ya ɗauki azurfa. Akwai masu tarawa da ke shafe shekaru suna neman lamba ɗaya don su mayar da ita cikin 'yan'uwanta. Kada hannunka ya taɓa raba jeri.

Wurin saye: manyan gidajen gwanjo na Landan irin su Spink da Noonans da Morton & Eden suna bayyana aibin kaya a kundinsu, kuma tsofaffin kundayen Noonans suna intanet da farashin da aka sayar, makaranta ce kyauta. Ka lissafa la'adar gidan gwanjo, wadda takan kai kashi 20 cikin 100 ko fiye a kan farashin da aka buga guduma, ga kuɗin aikowa da inshora, ga canjin kuɗi. Masu tsada ƙwarai da suka haura shekara 50 sai da lasisi ake fitar da su daga Birtaniya. Ƙungiyar masu bincike ta Orders and Medals Research Society, wadda aka kafa a 1942, tana karɓar 'yan ƙasashen waje, kuma mujallarta ta fi kuɗin rajistar amfani. Kada ka shiga da niyyar jari. La'ada tana ci a shiga tana ci a fita.

Ka kuma zaɓi fage ɗaya ka tsaya a kai: runduna ɗaya, ko yaƙi ɗaya, ko ma bataliya ɗaya. Wanda ya san bataliya ɗaya ciki da bai yakan gane lamba mai daraja da wasu suka wuce ba su kula ba.

Tunda ka ambaci kakanku, akwai fagen da kai ka fi masu tarawa na Ingila damar shiga. Rundunar West African Frontier Force sojan ƙasa ce a ƙarƙashin tutar Birtaniya, Hausa ce harshen aiki a bataliyoyin Nijeriya, kuma mutanenta sun sami waɗannan lambobi. Tun 1903 aka yi musu DCM tasu daban, mai sunan rundunar a baya, aka ci gaba da ba da ita har farkon shekarun 1940, kuma kaɗan ce ƙwarai. Alhaji Grunshi na Gold Coast Regiment, wanda ake cewa shi ne sojan Birtaniya na farko da ya yi harbi a Yaƙin Duniya na Ɗaya, a Togo a Agustan 1914, ya sami MM a yaƙin Gabashin Afirka. Samanja Chari Maigumeri ya fara aiki da Jamusawa a Kamaru, daga baya ya shiga Nigeria Regiment, ya sami MM a yaƙin Habasha, ya je Bama. Barikin Lokoja sunansa yake ɗauke da shi. A Bama, runduna ta 81 ta sojan Afirka ta Yamma ta yi yaƙi a kwarin Kaladan, ta 82 a Arakan, suka haɗu a Myohaung a Janairun 1945, bataliyoyi uku na Nijeriya kuma suka shiga daji tare da Chindits, rundunar da ke kutsawa bayan layin Japanawa, a 1944. Takardun jarumtar mutanen nan suna WO 373, da sunayen da magatakardan Turawa suka rubuta yadda kunnensu ya ji, wani lokaci sunan gari a madadin sunan uba. Mai tarawa a Landan ba shi da hanyar sanin wane gida ne a Katsina ko Azare. Kai kana da ita.

A wannan fage dole mutum ya buɗe ido biyu. Laftana Wallace Wright ya sami VC saboda faɗan da aka yi a ƙarshen Fabrairun 1903 a Kwatarkwashi, inda shi da sojoji 'yan arba'in da wani abu suka tsaya wa rundunar Kano da ke dawowa daga Sakkwato. Wazirin Kano Ahmadu a nan ya faɗi, tare da mahaya masu yawa da suka yi ta sukuwa cikin wutar bindiga da takobi da mashi. Takardar Wright ta yabi tsayuwarsa, kuma ya tsaya ɗin. Waɗanda suka tunkare shi babu jaridar da ta buga sunayensu. Ban ce kada a tara lambobin yaƙe-yaƙen mamaya ba. Ni ma ina nazarinsu, har da Africa General Service Medal mai ɗauke da rubutun Arewacin Nijeriya 1903. Amma in ka ajiye irin wannan a akwatinka, ka rubuta labarin ɓangarorin biyu a katin da ke ƙarƙashinta.

Lambobi huɗun kakanku, bisa abin da aka saba gani, za su kasance tauraron 1939 zuwa 1945, da tauraron Bama, da Defence Medal, da War Medal. Na halarta ne, kuma na Yaƙin Duniya na Biyu Birtaniya ba ta buga musu suna ba. A kasuwa kuɗinsu kaɗan ne, kuma ranar da suka bar gidanku sun zama na kowa, babu mai iya mayar da su ga kakanku. A gidanku kuwa kowa ya san ƙirjin da suka hau. Amma ka duba da kyau kafin ka yanke hukunci. In a cikinsu akwai ta azurfa mai kintinkiri shuɗi mai duhu da ratsin fari da ja a tsakiya, an rubuta For Bravery in the Field a bayanta, ga lambar aiki da suna a baki, to MM ce, kuma wataƙila ita dillalin yake hari. MM ta sojan Afirka ta Yamma daga Bama tana da masu nema sosai. Ka nemo littafin sallamarsa daga soja, in yana nan a adaka ko cikin tsohon gwangwani. Lambar aikinsa da bataliyarsa suna ciki, kuma da su za ka buɗe sauran ƙofofin. In akwai dattijo ko gwaggo da ta ji labarin Bama daga bakinsa, ka ɗauki muryarta a waya tun yanzu. Mazan jiyan nan kusan duk sun tafi, 'ya'yansu ma suna tafiya.

Wajen adanawa, kada ka goge su da Brasso ko toka ko lemun tsami. Tsofaffin sojoji sun yi ta gogewa don fareti har fuskar sarki ta shafe a wasu, wannan tarihinsu ne, amma kai kada ka ƙara. Baƙin da azurfa ke yi da shekaru ba aibi ba ne, masu saye ma sun fi son sa. In ƙura ce, ƙyalle mai laushi busasshe ya isa. Tsohon kintinkiri ko ya koɗe ka bar shi. In dole ka sa sabo, ka ajiye tsohon tare. Ka nisanta su da leda mai laushi irin ta PVC, da robar ɗaure kuɗi, domin suna sa ƙarfe ya yi kore ko ya yi tabo. Ka naɗe kowace daban a takarda marar asid don kada su riƙa gogar juna, ka sa 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi a akwatin saboda damina, ka riƙa sauya su. Kowace lamba ka ɗauki hotonta gaba da baya da kewayen baki, ka rubuta inda ka saya da ranar da farashin, ka haɗa da kwafin shafin London Gazette da na kundin bataliya. Mai MC ɗin kuma ka tambaye shi cikakken sunan kyaftin ɗin, da rundunarsa, da ranar da aka buga shi a jarida, da sauran lambobinsa masu suna. In ya kawo, ka turo hotunan mu duba tare.